Kuɗin Ruwa a Kan Bashin Asibiti a Amurka: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Amurka, idan ciwo ya kai mutum asibiti har ya kasa biyan kuɗin jinya, abin da zai biya daga ƙarshe bai tsaya kan adadin da asibiti ya rubuta masa ba. Jihar da yake zaune ma tana da ta cewa. Mutum biyu za su yi ciwo iri ɗaya, a bi su kuɗi daidai wa daida, a kai su ƙara a rana ɗaya. Wanda ke New York, kotu za ta ɗora wa bashinsa ruwan kashi 2 cikin 100 a shekara. Wanda ke Massachusetts, wadda iyaka kawai ta raba su, dokar da aka daɗe ana aiki da ita a can kashi 12 ce. Ninki shida ke nan, ba don ɗayansu ya fi ɗaya taurin bashi ba.

Dalili shi ne gwamnatin tarayya ba ta da wata doka guda da ta ƙayyade ruwan da za a ɗora wa kuɗin asibiti, ko wanda kotunan jihohi za su ɗora bayan sun yanke hukunci. Kowace jiha daga cikin 50 ɗin nan ita ke rubuta nata adadin. Daga shekarar 2019 zuwa yau jihohi da dama sun zauna sun rage nasu, wasu ta hanyar majalisa, wata kuma ta hanyar ƙuri'ar jama'a kai tsaye. Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu da ke zaune a Bronx ko Houston ko Chicago, ta shafi ɗaliban da ke karatu a can, da masu zuwa neman magani.

Yadda jinya ke komawa bashi

A ƙasashenmu mun saba da asibitin da zai ce a kawo kuɗi kafin a taɓa majinyaci. A can abin a juye yake. Tun 1986 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa kusan duk asibitin da ke da sashen gaggawa ya duba wanda aka kawo, ya ceto ransa, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Sai dai dokar ba ta ce kyauta ne ba. Bayan an sallami mutum da 'yan makonni takardun kuɗi za su fara sallama a gidansa: ta asibiti daban, ta likitan da ya yi aiki daban, ta mai allurar barci daban, ta motar ɗaukar marasa lafiya ma daban. Ko mai inshorar lafiya bai tsira ba, domin yawancin inshorar suna da wani adadi da sai mutum ya fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu, kuma sau da yawa adadin yakan haura dala 1,000.

Wani bincike da cibiyar KFF da gidan rediyon NPR suka fitar a 2022 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 100 a ƙasar ana bin su wani bashi da ya shafi lafiya, wato kashi 41 cikin 100 na manya. Lissafin KFF ɗin dai ya ce abin da ake bin jama'a bai gaza dala biliyan 220 ba.

Idan watanni suka shuɗe ba a biya ba, asibiti yana da zaɓi. Ko ya miƙa takardar ga kamfanin karɓo bashi, ko ya sayar da bashin gaba ɗaya a farashi mai rahusa ga masu sana'ar sayen bashi, ko ya shigar da ƙara da kansa. A nan ne maganar ruwa ke shigowa, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake lissafawa tun daga lokacin da ya kamata a biya har zuwa ranar hukunci. Akwai kuma wanda ke fara aiki daga ranar da alƙali ya sa hannu, yana ta taruwa har sai an biya kwabon ƙarshe. Na biyun nan ya fi cin mutane, domin hukuncin kotu ba ya mutuwa da wuri. A New York yana aiki har shekara 20. A Kalifoniya shekara 10 ne, kuma a da ana iya sabunta shi duk lokacin da ya kusa ƙarewa.

Mai karatu da ya yi rayuwarsa yana gudun riba zai ce ai shi bai taɓa cin bashi da ruwa ba, bai kuma sa hannu a wata yarjejeniyar ruwa ba. To, wannan ruwan ba ya buƙatar yardarsa. Doka ce ta ɗora shi, magatakardan kotu kuma lissafi kawai yake yi. Ba baƙon abu ba ne ma a gida, tunda dokokin manyan kotuna da dama a Najeriya sun ba alƙali ikon ɗora ruwan kashi 10 a shekara a kan kuɗin da ya yanke hukunci a biya.

Wani abin da ya kamata a sani game da waɗannan kotuna shi ne yawancin shari'un ba a ma yin su. Gidauniyar Pew ta fitar da rahoto a 2020 inda ta nuna cewa ƙararrakin bin bashi a kotunan jihohi sun tashi daga kimanin miliyan 1.7 a 1993 zuwa kimanin miliyan 4 a 2013. A wuraren da aka samu alƙaluma, fiye da kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki an yanke su ne a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai amsa sammaci ba. Waɗanda ke da lauya a cikinsu ba su kai kashi 10 ba. Wani sammacin bai same shi ba don ya sauya gida, wani yana wurin aiki ba zai iya rasa kuɗin yini ba, wani kuma tsoro ne ya hana shi buɗe ambulan. Idan bai zo ba, abin da mai ƙara ya rubuta shi ake ba shi, da ruwansa da kuɗin kotu. Daga nan sai a fara yankar albashi tun daga wurin aiki, ko a riƙe kuɗin da ke asusun banki, ko a ɗora wa gidansa tambarin bashi ta yadda ba zai iya sayarwa ba sai ya biya.

Bari mu yi lissafi

Adadi kamar kashi 9 ba ya firgita kowa a kunne, sai an zauna da alƙalami. A ɗauki misalin wanda kotu ta yanke wa dala 10,000, kuma abin da zai iya warewa bayan haya da abinci dala 75 ne a wata. A yawancin wurare duk abin da mutum ya biya ruwa ake fara cirewa, ragowar ce ke zuwa kan uwar kuɗi.

Idan ruwan kashi 9 ne, dala 900 ke nan a shekara, wato dala 75 cif a wata. Mutumin nan zai yi shekara 10 yana biya bai fasa ko sau ɗaya ba, ya fitar da dala 9,000, a buɗe littafi a ce har yanzu ana bin sa dala 10,000. Idan kashi 12 ne, ruwan wata dala 100 ne, shi kuma 75 yake kawowa. Bayan shekara 10 ya biya dala 9,000, bashin ya zama 13,000. Idan kuwa aka sauko da ruwan zuwa kashi 3, dala 25 ce ke tafiya ga ruwa a watan farko, 50 ta rage uwar kuɗi, kuma cikin kimanin shekara 13 da rabi ya gama. Shekara 13 da rabi ba wasa ba ce ga wanda laifinsa kawai ƙafarsa ta karye. Amma bashi ne mai ranar ƙarewa, waɗancan biyun kuwa ba su da ita. Wannan lissafin ma an yi shi ne a kan ruwan da ba ya haihuwa. A wasu jihohi, irin su Colorado, ruwan gama-gari da doka ta yanka na kashi 8 ana haɗa shi da uwar kuɗi duk shekara, sai shi ma ya fara jawo nasa.

Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A 2023 ofishin ma'ajin jihar North Carolina, tare da masu bincike daga tsangayar shari'a ta Jami'ar Duke, sun bi bayanan kotunan jihar daga farkon 2017 zuwa tsakiyar 2022. Sun gano asibitoci sun kai ƙarar majinyata da iyalansu fiye da 7,500, sun samu hukuncin sama da dala miliyan 57, kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku na kuɗin ba na magani ba ne, ruwa ne da sauran caje-caje. Ruwan doka a jihar kashi 8 ne.

Daga ina kashi 9 ya fito?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni sha'awa a cikin lamarin duka. New York ta ɗaga ruwan hukunci daga kashi 6 zuwa 9 a shekarar 1981. A lokacin ƙasar na fama da tsadar kaya, hauhawar farashi ta haura kashi 13 a 1980, shugaban babban bankin ƙasar, Paul Volcker, ya matse hanyar samun kuɗi, har ruwan da bankuna ke ba manyan abokan hulɗarsu ya wuce kashi 20. Ita kanta gwamnatin tarayya tana cin bashin shekara guda a kan fiye da kashi 14. A irin wannan yanayi kashi 6 garaɓasa ce. Babban kamfanin da kotu ta ce ya biya diyya gara ya yi ta jan ƙafa da ɗaukaka ƙara, tunda riƙe kuɗin ya fi masa araha a kan zuwa banki. Don haka aka ɗaga adadin, kuma a zamaninsa kashi 9 sassauci ne.

Zamani ya wuce, adadin ya zauna. Shekara 40 ba a taɓa shi ba. Kotunan tarayya ba su faɗa wannan rami ba, domin nasu ruwan yana bin abin da gwamnati ke biya a kan takardun lamuninta na shekara guda, yana hawa yana sauka da kasuwa. A 2021 wannan adadi bai kai rabin kashi 1 ba. A dandalin Foley da ke Manhattan, ginin kotun tarayya da na kotun jiha suna kafaɗa da kafaɗa. A 2021 ɗin, kamfanin da aka kayar a ginin tarayya ruwansa bai kai rabin kashi 1 ba, mai goge-gogen da asibiti ya kai ƙara a ƙarƙashin dokar jiha kuwa kashi 9 ne a kansa. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan zalunci da gangan. Mantawa aka yi da lambar, kuma waɗanda take ci ba su ne masu shiga ofishin 'yan majalisa ba.

Jihohin da suka motsa

New York ta gyara nata a ranar ƙarshe ta 2021, lokacin da Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar da ta sauko da ruwan hukunci a kan bashin ɗaiɗaikun mutane daga kashi 9 zuwa kashi 2. Ta fara aiki ranar 30 ga Afrilu, 2022. Ba bashin asibiti kaɗai ta shafa ba, har da na katin bashi da makamantansu, amma ba ta shafi rigimar kamfani da kamfani ba. Abin da ya tayar da ƙura shi ne dokar ta haɗa har da ragowar tsofaffin hukunce-hukuncen da ba a gama biya ba. Wasu ƙungiyoyin ajiya da lamuni guda uku suka garzaya kotun tarayya suna cewa an ƙwace musu haƙƙin da ya riga ya zama nasu. Jihar ba ta tsaya nan ba. A 2020 ta rage wa'adin da asibiti ke da shi na shigar da ƙara daga shekara 6 zuwa 3, a ƙarshen 2022 kuma ta hana asibitoci yankar albashin majinyaci ko ɗora tambarin bashi a gidan da yake zaune.

Labarin Arizona ya fi daɗin ji, domin can jama'a ne suka yi abin da hannunsu. Tsarin jihar ya ba mutane damar tara sa hannu su kai ƙuduri gaban masu zaɓe ba tare da bi ta majalisa ba. Wata ƙungiyar masu fafutukar kiwon lafiya, da goyon bayan ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan asibiti, ta yi hakan, aka sa ƙuduri mai lamba 209 a takardar zaɓen Nuwamban 2022. Ya ce ruwan bashin asibiti, wanda a da kan kai kashi 10, kada ya wuce kashi 3, ko abin da gwamnatin tarayya ke biya a kan lamunin shekara guda idan shi ya fi ƙanƙanta. Masu ƙudurin sun kuma gane cewa rage ruwa kaɗai ba zai wadatar ba idan har za a iya kwashe abin da mutum ke rayuwa da shi. Sai suka rage abin da za a iya yanka daga albashi daga kashi 25 zuwa kashi 10. Darajar gidan da mai bin bashi ba zai taɓa ba ta tashi daga dala 250,000 zuwa 400,000, ta mota daga 6,000 zuwa 15,000, kuɗin da dole a bar wa mutum a banki kuma daga dala 300 kacal zuwa 5,000.

A zaɓen nan ne kujerar gwamna ta rabu da tazarar ƙuri'a kimanin 17,000 tsakanin Katie Hobbs da Kari Lake, a jihar da ta dare gida biyu a kan kusan komai. Amma ƙuduri na 209 ya samu kimanin kashi 72 cikin 100. Wato ɗimbin masu zaɓe daga ɓangarorin biyu sun dangwala masa. Lauyoyin masu bin bashi sun kai ƙara, amma a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta bar dokar a tsaye.

Sauran jihohin za a iya bi ta kansu da sauri. Washington a 2019 ta sauko daga kashi 12 zuwa 9, abin da a yau ba zai burge kowa ba. Illinois daga 2020 ta mayar da nata kashi 5 maimakon 9 a kan bashin da bai wuce dala 25,000 ba. Kalifoniya daga farkon 2023 ta raba kashi 10 ɗinta biyu ya koma 5 a kan bashin asibiti da bai kai dala 200,000 ba, ta kuma ce sau ɗaya tak za a sabunta irin wannan hukunci, na shekara 5. Colorado a 2023 da New Jersey a 2024 duk sun tsaya a kashi 3. Delaware a 2023 ta hana manyan asibitoci ɗora ruwa ko tarar jinkiri kwata-kwata. North Carolina kuwa ba ta bi ta majalisa ba. A 2024 gwamnatin Roy Cooper ta ce duk asibitin da ke son ƙarin kuɗi daga shirin Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, sai ya yafe tsofaffin basussukan talakawa ya kuma riƙe ruwansa a kashi 3. Asibitoci 99 ne suka cancanta, kuma duk suka shiga.

Masu adawa da waɗannan dokoki suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Suna cewa idan ruwan hukunci ya yi ƙasa da hauhawar farashi, wanda ake bi ba shi da dalilin gaggawa, kuma mai haƙƙi ne ke asara kullum. Suna cewa ƙaramin asibitin ƙauye ko likitan haƙori mai zaman kansa ba shi da ƙarfin jira, don haka zai koma neman kuɗi tun kafin aiki. Suna kuma cewa dokoki irin na New York, da sashen na Arizona da ya kare kadarori, sun shafi kowane irin bashi, kuma bankuna za su rama ta hanyar tsaurara sharuɗɗan lamuni ga talakan da ake son taimako. Wannan ta ƙarshen tana da nauyi idan ana maganar mota ko kayan ɗaki. Amma a kan jinya, a ganina, hujjar ta yi rauni. Ana ba da ruwa ne ga wanda ya zaɓi ya ba da rance, ana karɓa daga wanda ya zaɓi ya ci. Wanda aka kwaso a sume daga kan titi bai yi ciniki da kowa ba, bai ga farashi ba, sau da yawa ma asibitin kansa ba zai iya faɗa masa farashin ba sai bayan an gama. Kuma wanda bai biya dala 10,000 ba saboda ba shi da ita, ƙara masa 900 duk shekara ba zai sa ta faɗo daga sama ba.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Yawancin waɗannan dokoki suna kare bashin ne muddin sunansa bashin asibiti. Ranar da mutum ya ciro katin bashi ya biya asibiti da shi, asibiti ya samu kuɗinsa, shi kuma yanzu banki ke bin sa. A mafi yawan lokuta iyakar kashi 3 ɗin nan ba ta bin sa zuwa can, kuma jiharsa ba ta da ikon cewa uffan.

Asalin wannan wani hukunci ne na Kotun Ƙolin Amurka a 1978, a shari'ar bankin Marquette na Minneapolis da wani banki na Omaha. Kotun ta ce bankin da ke da lasisin tarayya zai iya cajin ruwan da jihar da yake zaune ta halatta, ko da abokin hulɗarsa yana wata jihar da ta haramta hakan. Nan da nan South Dakota da Delaware suka cire iyakar ruwa don jawo bankuna, Citibank ya kwashe harkar katinsa ya kai Sioux Falls a 1981, sauran suka bi sahu. Shi ya sa jiha za ta iya ɗaure hannun asibitin da ke cikinta da kotunanta, amma ba za ta iya ɗaure hannun katin da ke aljihun mutanenta ba.

Akwai ma katunan da aka yi musamman don jinya, irin su CareCredit, waɗanda ake tallata wa mutum a teburin karɓar baƙi na asibiti ko wurin likitan haƙori, a daidai lokacin da hankalinsa ba ya jikinsa. Za a ce masa babu ruwa har wata 6, ko 12, ko 18. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Idan wa'adin ya cika da sauran ko dala 50 ba a biya ba, sai a lissafo ruwan tun daga ranar farko a ɗora masa gaba ɗaya. Hukumar tarayya mai kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, ta ce a rahotonta na 2023 ruwan irin waɗannan katuna yakan kai kusan kashi 27, kuma daga 2018 zuwa 2020 mutane sun biya kimanin dala biliyan 1 na irin wannan ruwan da ake jinginewa. Mazaunin Colorado da ya mayar da bashin asibitinsa kan irin wannan kati ya bar kashi 3 ya koma 27 da hannunsa, an gudu ba a tsira ba. Asibitoci kuwa suna son tsarin, don kuɗinsu na shigowa nan take, wahalar bin bashi ta koma kan wani.

Dokokin ba su kuma taɓa uwar kuɗin ba. Idan asibiti ya rubuta dala 40,000 a kan aikin da kamfanin inshora zai biya shi 12,000, kashi 3 na adadin da aka kumbura shi ma kumburarre ne. Haka nan batun kundin tarihin bashi, wanda masu gidan haya da bankuna ke dubawa kafin su yarda da mutum. Manyan kamfanoni uku da ke riƙe da kundin, Equifax da Experian da TransUnion, sun cire bashin asibitin da aka biya a 2022, suka cire wanda bai kai dala 500 ba a 2023. A Janairun 2025 CFPB ta fitar da ƙa'idar cire sauran gaba ɗaya, amma a watan Yulin shekarar wani alƙalin tarayya a Texas ya soke ta. Don haka nauyin ya sake komawa kan jihohi.

Idan takarda ta iso

Wanda takardar asibiti ta samu a Amurka, abu na farko kada ya yi saurin ciro kati. Ya nemi a ba shi lissafi dalla-dalla na kowane abu da aka caje shi, ya gwada da abin da inshorarsa ta ce ta biya. Sannan ya tambayi ofishin kuɗi na asibitin takardar neman sassauci. Fiye da rabin asibitocin ƙasar ba na neman riba ba ne a hukumance, ba sa biyan haraji, kuma dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta wajabta musu samar da tsarin yafe wa marasa ƙarfi ko rage musu. Ƙa'idar ta ce sai sun jira kwana 120 daga takardar farko kafin su ɗauki tsattsauran mataki irin na kai ƙara, kuma mutum yana da kwana 240 na miƙa buƙatarsa. Ba kowane asibiti ne zai yi ɗokin sanar da kai wannan ba, sai ka tambaya. Idan biya kaɗan-kaɗan za a yi, gara a yi yarjejeniyar da asibitin kansa, a rubuce, a kuma tambayi ko akwai ruwa da nawa ne, sannan a duba ko adadin ya dace da dokar jihar.

Idan tsohon bashi ne wani kamfani ya bugo waya a kansa, a yi hattara da biyan ɗan wani abu don a rabu da su. A wasu jihohi biyan ko dala 10 yana farfaɗo da bashin da wa'adin ƙararsa ya riga ya wuce.

Idan kuwa sammaci ne ya zo, a amsa shi. Wa'adin amsawa yawanci kwana 20 zuwa 30 ne, ya danganta da jiha da yadda aka miƙa takardar. Kariya irin ta wucewar wa'adi, kamar shekara 3 ɗin New York, wanda ake ƙara ne zai tayar da ita da bakinsa ko a rubuce. Wanda ya bayyana zai iya neman mai ƙara ya kawo shaidar cewa bashin nasa ne kuma adadin daidai ne, abin da kamfanonin da suka sayi bashi hannu na biyu ko na uku kan kasa kawowa. A manyan birane akwai ofisoshin lauyoyi masu taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, kotuna kuma suna samar da tafinta ga wanda Turancinsa bai nuna ba, idan ya nema tun kafin ranar zama.